Wayoyin ofishinmu suna kakkatsewa bayan La'asar: mu ƙara kuɗin layi ko mu sake tsarin adireshi?

Bashir Sharafiyya:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku taimaka mini kafin mudir, wato manajanmu, ya cinye ni ɗanye. Ofishinmu na hidimar masu Umra ne a nan Jidda, muna da ƙaramin reshe a Makka wajen Misfala. Wata biyu da suka wuce aka cire tsohon santaral, wato na'urar da ke rarraba kira tsakanin wayoyin ofis, aka kawo na intanet, mai manhajar Asterisk a ciki. Wayoyin tebur 18 ne a Jidda, 6 a Makka. Ga kwamfuta 14, kyamara 8, ga wayfai na baƙi wanda duk direban bas da ya taɓa shigowa shan shayi ya haddace lambarsa. Duk tarkacen nan a kan rawutar da kamfanin intanet ya ba mu suke, wato na'urar da ke haɗa ofis da intanet, kowa adireshinsa 192.168.1 kaza.

Da safe murya tangaran. Bayan La'asar, lokacin da ma'aikata ke tura hotunan fasfo, sai magana ta riƙa kakkatsewa kamar mutum na magana a bakin fanka. Wani lokaci mu ji mai kira, shi bai jin mu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kiran da ya shigo daga waje yakan mutu bayan rabin minti, kullum rabin minti, kamar an saita masa agogo. Wayoyin Makka kuwa yau su yi rajista da santaral gobe su ƙi. Mudir ya ce a ƙara kuɗi a koma babban layi. In yarda?

Malam Habu Misfala:
Wa alaikumus salam. Ɗana, da kun bar tsohon santaral ɗinku da ba ku ga wannan rana ba. Na ɗaura Panasonic a otal-otal ɗin Makka tun kafin a haife ka, igiya mai zare biyu ce kawai, ko ta yi ko ta ƙi, ba ruwanka da adireshi. Amma tunda an riga an yi, bari masu boko su zo.

Injiniya Abu Ammar:
Bashir, kada ka yarda tukuna. Bari mu yi lissafi. Kodek ɗin G.711, wato tsarin mayar da murya bayanan kwamfuta, yana cin kilobit 64 a daƙiƙa. Ana yanka muryar gunduwa-gunduwa, kowace ta milisakan 20, wato fakiti 50 a daƙiƙa. Kowane fakiti baiti 160 ne na murya, sai baiti 40 na kanun IP da UDP da RTP, ya zama 200. Ka ninka da 50, ka ninka da 8, kilobit 80 ke nan, in aka haɗa da na Itanet ya kai wajen 87. Ko mutum takwas suna kan waya lokaci guda ba ku kai megabit ɗaya ba ta kowane ɓangare. Layin faiba mafi arha ya fi ƙarfin wannan nesa ba kusa ba. Ciwonku ba yunwa ba ce, rashin tsari ne.

Rabin mintin nan kuma ka duba da agogo, zan iya rantsuwa daƙiƙa 32 ce cif. A tsarin SIP, wato yaren da wayoyin intanet ke ƙulla kira da shi, in santaral ya amsa kira yana jiran ɗaya ɓangaren ya aiko da tabbaci. In bai zo ba sai ya yi ta maimaita amsar har tsawon rabin daƙiƙa sau 64, sannan ya kashe kiran. Dalilin da tabbacin bai zuwa shi ne santaral ɗinka ya rubuta adireshinsa na cikin gida a cikin saƙon, 192.168.1 kaza, wanda ba wanda zai iya samunsa daga waje. Kamar ka aika wasiƙa Kano ka rubuta adireshin amsa "ɗaki na biyu hannun dama". Rashin jin murya ta ɓangare ɗaya ma ɗan gidan su ne.

Bashir Sharafiyya:
Wallahi Injiniya na gwada yanzu da wayar hannuna, 32 ce. Tsigar jikina sai da ta tashi.

Injiniya Abu Ammar:
Ba duba ba ne, RFC 3261 ce, takardar ƙa'idar SIP, tun 2002 take a rubuce. Abu biyu za ka fara yi yau. Ka shiga saitin SIP na santaral ka gaya masa adireshinku na waje da kuma sabnet ɗinku na gida, wato rukunin adireshin cikin ofis, don ya san wa zai ba wane adireshi. Sannan ka shiga rawuta ka nemi wani abu da ake kira SIP ALG ka kashe shi. An sa shi ne wai don ya taimaka yana gyara adireshi a cikin saƙonni, amma a ƙananan rawutoci sau da yawa gyaran gangar auzinawa yake yi.

Nura Dahran:
Barka da war haka iyayena. Ni ɗalibi ne, amma darasin sabnet ɗin nan yana kaina da ɗuminsa, bari in gwada. Yaya Bashir, ka ɗauki 192.168.50.0/24 ka rarraba ta haka. Kwamfutoci su ɗauki 192.168.50.0/26, daga 1 zuwa 62, mask ɗin 255.255.255.192. Wayoyi su ɗauki 192.168.50.64/27, daga 65 zuwa 94, adireshi 30 ke nan, mask ɗin ya ƙare da 224. Kyamarori 192.168.50.96/28, daga 97 zuwa 110. A ajiye 112/28 don gaba. Baƙi su ɗauki 192.168.50.128/25, adireshi 126. Babu asarar komai, kowa ya sami daidai wuyansa.

Injiniya Abu Ammar:
Nura, lissafinka bai da tangarɗa, da jarrabawa ce ka ci maki duka. Amma ba zan yi haka a ofishi ba. Wa kake yi wa tsimi? Adireshin cikin gida kyauta ne. Tun 1996 RFC 1918 ta ware mana 10.0.0.0/8, da 172.16.0.0/12, da 192.168.0.0/16. Na 10 ɗin nan kaɗai ya haura adireshi miliyan 16. A cikin 30 ɗinka, cire na mashiga, cire na santaral, saura 28. Suna da 18 yau. Ramadan ya zo mudir ya ɗauko ma'aikatan wucin gadi, ya sa waya a ɗakin direbobi da kicin, sai ka ga an cika. Kuma ba za ka iya faɗaɗa /27 ɗin nan ba sai ka tashi kyamarori daga wurinsu, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da tsani.

Ban da haka akwai maganar ƙarfe biyun dare. In aka tashe ka daga barci aka ce 192.168.50.91 ba ta aiki, sai ka tsaya ƙidaya da yatsu kafin ka san waya ce ko kyamara. Ni tsarina: lamba ta biyu gari, ta uku aiki. Jidda 10.10, Makka 10.20. Kwamfuta 10.10.10.0/24, waya 10.10.20.0/24, kyamara 10.10.30.0/24, baƙi 10.10.40.0/24. Kowane rukuni a ba shi VLAN ɗinsa, wato a keɓe masa sashensa a cikin suwic, akwatin da igiyoyin ofis ke haɗuwa, lambar VLAN kuma ta yi daidai da lamba ta uku. Ka ga 10.20.20.7 ka san wayar Makka ce ko idonka a rufe.

Nura Dahran:
Na karɓi gyara Baba. Amma a faɗa mini gaskiya, to ina amfanin duk wahalar /27 da /28 da ake ba mu?

Injiniya Abu Ammar:
Ranar da kamfani ya ba ka adireshin waje guda takwas ya ce /29 ne, ka gane shida kaɗai za su yi aiki kuma ɗaya nasu ne, ranar za ka gode wa malaminka. Can ne ake tsimi, don can ne ake biya.

Sadiƙu Yanbu:
Ni fa ina da ja a kan VLAN ɗin nan gaba ɗaya. Waya 18 a kan suwic mai gigabit, me zai cunkushe? Ko duk sun ɗaga lokaci guda ba su kai megabit biyu ba a cikin dubu. Na ga ofisoshi masu waya talatin a sabnet ɗaya da kwamfutoci, shekaru suna aiki lafiya. Muna son mu ɗora wa yaron nan kayan da in ya tafi hutu Najeriya ba wanda zai iya taɓawa. A kashe ALG, a gyara NAT, wato sauya adireshin gida zuwa na waje da rawuta ke yi, khalas.

Ummu Salma Madina:
Sallama gare ku. Malam Sadiƙu ya faɗi rabin gaskiya, kuma rabin nan yana da muhimmanci, don mutane da yawa sun ɗauka da an raba VLAN murya ta gyaru. Ba ta gyaruwa. Kakkatsewar bayan La'asar ba a cikin suwic take faruwa ba, a bakin fita take, inda ofis ke tura kaya sama zuwa intanet.

Bashir, ka san shingen Shumaisi ranar da motocin Umra suka yi yawa. Hanya mai faɗi ta zo ta tsuke, kowa ya shiga layi. Haka rawutarka take. Ciki gigabit, fita kuma wataƙila megabit 20. Ma'aikaci ya tura fasfo hamsin da aka sikana, ga kyamarori suna tura hoto zuwa wayar mudir, ga direba yana ɗora bidiyo. Duk waɗannan manyan fakiti ne masu baiti 1500. Rawuta ba ta zubar da su, tara su take a rumbu tana fitarwa bi da bi. Sai ɗan fakitin murya mai baiti 200 ya zo ya tsaya a bayan ɗaruruwansu. Ba ɓata ya yi ba, makara ya yi. Fasfo in ya makara da rabin daƙiƙa ba wanda ya sani. Murya in ta makara, wayar can ta riga ta wuce wurin, sai ta jefar da shi, kai kuma ka ji rami a cikin magana. Ƙa'idar G.114 ta ƙungiyar ITU ta ce jinkirin tafiya ɗaya in bai wuce milisakan 150 ba hira tana tafiya daidai. Layin da ya cika yana iya ƙara ninkin wannan shi kaɗai.

Gwada da kanka. Bayan La'asar ka buɗe kwamfuta ka bar ping, mai auna jinkiri a milisakan, yana tafiya zuwa 8.8.8.8, ka sa a fara tura fasfo, ka zuba wa lambobin ido. In suka tashi daga gomomi zuwa ɗaruruwa, ka kama ɓarawonka. Kuma ka lura, babban layin da mudir ke son saya zai rage abin ne kawai, don tura fayil yana cinye duk faɗin da ya samu.

Bashir Sharafiyya:
Anti na gwada. Kafin a fara yana wajen 30. Da aka fara turawa ya haura 600, har wasu suna faɗuwa. To mene ne maganin?

Ummu Salma Madina:
Maganin shi ne layin jiran ya dawo hannunka. Muddin rumbun da ke cika na na'urar kamfani ne, ba ka da ta cewa. Ka sa taka rawutar a bayanta, ka auna gudun turawarku na gaskiya sau da yawa, sannan ka taƙaita fita zuwa kashi 85 ko 90 cikin ɗari na abin da ka auna. In 20 ne ka sa 17 ko 18. Zai yi maka ciwo ka ga kana barin megabit biyu a ƙasa, amma da su kake sayen ikon cewa wane ne zai fara wucewa. Daga nan sai ka ba murya gaba.

Wayoyin suna yi wa fakitin murya tambari da ake kira DSCP. Na murya EF ne, lamba 46. Na saƙonnin SIP yawanci CS3, lamba 24. Ka duba saitin wayoyinka ka tabbatar, kada ka ɗauka. Amma tambarin nan a gidanka kaɗai yake da daraja. Da ya fita intanet, galibin kamfanoni ba sa kallonsa, wasu ma goge shi suke. Shi ya sa aikin yake a rawutarka.

In rawutar MikroTik za ka saya, manhajarta RouterOS 7 tana da CAKE da fq_codel na tsara layin jira, kowanne zai yi. Tarko ɗaya ne a nan: dokar fasttrack da ke zuwa a fayawol ɗin asali tana tsallakar da fakiti ta bayan layin jiran. Ka bar ta a kunne, ka yi ta saita layi har gari ya waye ba abin da zai canza.

Injiniya Abu Ammar:
Hajiya ta gama magana a kan wannan. Amma Sadiƙu, a nan ne VLAN ɗin da kake raina take biyan kuɗinta. In wayoyi suna sabnet ɗinsu, doka ɗaya ce a rawuta: duk abin da ya fito daga sabnet kaza ya wuce gaba. Ba sai ka dogara da tambarin da kowace kwamfuta za ta iya manna wa kanta ba. Na biyu, direban bas ɗin nan da ke kan wayfai yanzu haka yana iya buɗe shafin saitin kowace waya da na santaral. Yawancinsu kuma na san har yau kalmar sirrin da suka zo da ita daga kwali ce a kansu. Na uku, mai rabon adireshi na sabnet ɗin waya zai iya ba su zaɓi na 66, wato inda za su ɗauko saitinsu, ka jona sabuwar waya ta saita kanta.

Sadiƙu Yanbu:
Maganar baƙi na yarda, wannan ko ba waya ya kamata a raba su. Amma har yanzu ina cewa a ofis irin nasa, raba baƙi da kyamara ya wadatar. Kuma ku tambaye shi, ramin bango nawa ne a kowane tebur? In ɗaya ne, kwamfuta ta bayan waya take jone, to VLAN ta zama wani aikin.

Bashir Sharafiyya:
Ɗaya ne Yallabai. Igiya ta fito daga bango ta shiga waya, wata ta fito daga waya ta shiga kwamfuta.

Ummu Salma Madina:
Wannan ba matsala ba ce in suwic ɗin mai saiti ne. A kowane rami sai ka sa VLAN ɗin kwamfuta babu tambari, na waya da tambarin 802.1Q. Wayar ta ɗauki nata ta miƙa wa kwamfuta sauran. Ka kunna LLDP-MED a suwic, shi zai raɗa wa wayar lambar VLAN ɗinta, ba sai ka bi tebur 18 kana dannawa ba. Yealink da Grandstream duk suna jin wannan yaren. Abin da zan ce ka duba shi ne ramin bayan wayar, wasu ƙananan wayoyi megabit 100 ne kawai, kwamfutar da ke bayansu ta gaji wannan.

Abu Fahad Rusaifa:
Ina ta karatu ban sa baki ba, amma Injiniya, akwai rami a tsarinka na 10. Bashir, layin da ke kawo muku lambar 012, ta ina yake shigowa? Na yi aiki a wani ofis a nan Makka, kamfanin da ya ba su layin SIP ya kawo shi ne a rami na daban a na'urarsa, da adireshin 10 kaza, ya ce a yi hanya ta musamman zuwa sabarsa wadda ita ma 10 kaza ce. Mu kuma mun riga mun rarraba gidan da 10. Aka yi karo. Kwana biyu muna neman abin da ya hana rajista, ashe rawuta tana neman sabar kamfani a cikin ofis ne. Kafin ka zaɓi lamba ko ɗaya, ka nemi takardar da suka ba ku ka ga nasu.

Injiniya Abu Ammar:
Allah ya saka, Abu Fahad. Ka kama ni, kuma ni ma na taɓa cin wannan tuwon. To a koma 172. Jidda 172.20, Makka 172.21, sauran tsarin yadda na faɗa. A kauce wa 172.17, manhajar Docker tana ɗaukarta da kanta, wata rana wani zai girka ta a saba a rasa gane abin da ya faru. A kauce wa 192.168.0 da 192.168.1 don kowane gida su ne, da 192.168.88 don ita MikroTik ke zuwa da ita.

Wannan ya kawo mu Makka. Bashir, reshen naku wane adireshi yake kai?

Bashir Sharafiyya:
Shi ma 192.168.1 ne. Wanda ya ɗaura mana ya ce ya gwada haɗa ofisoshin da VPN, wato ɓoyayyen rami ta cikin intanet, ya ƙi, sai ya buɗe ƙofar 5060, ta SIP, a rawutar Jidda wayoyin Makka suna shigowa ta nan.

Sadiƙu Yanbu:
Innalillahi. Bar duk abin da kake yi ka je ka rufe ƙofar nan yanzu. Wannan ta fi kakkatsewar murya haɗari sau dubu. Akwai na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai zagaye intanet suna ƙwanƙwasa 5060. In suka sami santaral sai su fara gwada tahawila, wato lambar wayar cikin gida, 100, 101, 102 da kalmomin sirri na banza. Buɗe log ɗin Asterisk, inda yake rubuta abin da ya faru, ka nemi kalmar friendly-scanner ko tarin rajistar da ta gaza daga adireshin da ba ka sani ba, ka dawo ka ba mu labari. Wani ofis da na sani an shiga musu daren Alhamis, aka kwana biyu ana kiran ƙasashen waje da layinsu, sai ranar Lahadi suka farga. Takardar kuɗin da ta zo sai da mai wurin ya zauna a ƙasa. Tahawila 105, kalmar sirri 105.

VPN ɗin kuwa dole ya ƙi. Waya a Makka tana neman 192.168.1.10, rawutar Makka ta ce ai wannan ɗan gida ne, ba za ta tura shi ramin VPN ba. Da kun raba adireshi zai yi. Ka sa VPN na WireGuard tsakanin rawutocin biyu, hanya ɗaya ta 172.20.0.0/16 ta wannan gefe, ɗaya ta 172.21.0.0/16 ta wancan. Wayoyin Makka su ga santaral kamar yana ɗaki na gaba, ba NAT a tsakani.

Nura Dahran:
Kawu Sadiƙu, ai ka dawo layin masu tsara sabnet ke nan.

Sadiƙu Yanbu:
Yaro, ban taɓa cewa ofis biyu su zauna a adireshi ɗaya ba. VLAN na ce, kuma ina nan a kan bakata.

Ummu Salma Madina:
Kafin WireGuard, duba adireshin waje na kowace rawuta. In ka ga yana tsakanin 100.64 da 100.127, kuna bayan NAT ɗin kamfani ne, ba wanda zai iya shigo muku daga waje. Layukan 4G da 5G galibi haka suke. Gefe ɗaya ya sami adireshin waje na gaske ya isa, Jidda ke nan, Makka ta riƙa kiran ta, a sa mata keepalive na daƙiƙa 25 don ramin kada ya rufe. Ramin yana ƙara wa kowane fakiti wajen baiti 60. Shi ya sa ban ga amfanin ku koma kodek ɗin G.729 don tsimi ba: fakitinsa duka baiti 60 ne, rami ya ninka shi, ga murya ta ragu. Waya shida ce, ku zauna a G.711.

Abu Fahad Rusaifa:
Abu biyu da ba na rawuta ba. In wani a reshen Makka ya danna 911 ko 997, kiran ta layin Jidda zai fita, masu amsawa su ga lambar Jidda. Ku manna takarda a jikin wayoyin cewa kiran gaggawa da wayar hannu ake yi, ko ku samar wa reshen layinsa.

Na biyu, na san mutanenmu. Da an ga abu ya yi kyau, mudir zai ce a sa waya ɗaya a ofishin wakilinku na Kano, daga nan kuma a ce mutanen Kano su riƙa fita ta layin 012 suna kiran otal-otal. Gaskiya ne a watan Satumba na 2017 an ɗage takunkumin manhajojin kira ta intanet, amma wannan bai zama izinin shigo da kiran waje cikin layin gida ba. Harkar sadarwa a ƙasar nan da lasisi ake yin ta, a ƙarƙashin hukumar da a da ake kira CITC, yanzu CST. Ku tambayi kamfanin da ya ba ku layi a rubuce abin da yarjejeniyarku ta halatta. Mu baƙi ne masu iƙama, ba mu da wuyan ɗaukar irin wannan.

Malam Habu Misfala:
To 'yan boko kun gama? Ba wanda ya tambayi wuta. Wayoyin nan daga suwic suke shan wuta. Ƙa'idar 802.3af wat 15.4 ce a kowane rami, sau 18 ya kai 277. Wayar tebur ba ta shan ko rabin haka, amma kyamara mai fitilar dare tana sha, kuma suwic mai rami 24 ba lallai ya iya ciyar da 24 ɗin ba, a karanta jimlar da aka rubuta a jikinsa. A sa UPS, batirin riƙe wuta, ya ɗauki suwic da rawuta da santaral da na'urar faiba, duka huɗun. Tsohon layi ko an ɗauke wuta yana aiki, wannan kuwa wuta ta ƙifta ofis ya zama kurma. Igiya kuma kada ta wuce mita 100, kuma a kankare bakinta da wuƙa a gani. In ciki fari ne, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, ba ta ɗaukar wuta da kyau.

Bashir Sharafiyya:
Jama'a na dawo, kwana tara ke nan. Ƙofar 5060 a daren nan na rufe ta. Kawu Sadiƙu, log ɗin da na buɗe sai da na ji jiri, layi dubbai, ana ta gwada tahawilar da ba mu da ita ma. Allah ya rufa asiri ba su dace ba. Na canza kalmomin sirri duka.

Takardar kamfanin layi na samo ta a durowar mudir ƙarƙashin kwalin dabino, kuma 10 kaza ce kamar yadda Abu Fahad ya ce. Don haka 172.20 da 172.21 muka bi. Na zana komai a takarda tukuna, na manna kwafi a ƙofar akwatin suwic saboda ranar da ba na nan. Daren Juma'a bayan an tashi na yi aikin. Wajen ƙarfe ɗaya wayoyi duk suka yi rajista, na yi murna, na kira tahawilar Makka, ta yi ƙara, aka ɗauka, shiru. Ba ni ji ba ya ji. Na kusa kuka. Sai na tuna maganar Injiniya ta farko: santaral har lokacin 192.168.1 kaɗai ya sani a matsayin gida, yana ɗaukar sababbin sabnet ɗin a matsayin na waje ne yana ba su adireshin waje. Na ƙara su biyun, murya ta fito.

Fasttrack ma ta kama ni duk da gargaɗin Anti, na manta da ita sai da na ga ƙididdigar layin jiran tana nuna sifili. Yanzu ana tura fasfo ping bai wuce 45 ba. Mudir bai ƙara ko riyal ɗaya a kuɗin layi ba, rawuta da suwic kawai aka saya, kuma har ya fara ba abokansa labari kamar shi ya yi.

Saura abu ɗaya. Waya guda a Makka, ta ɗakin ajiyar kaya can ƙurya, tana mutuwa ta sake tashi da kanta sau uku ko huɗu a yini. Na canza mata adireshi, na canza wayar ma, haka dai.

Injiniya Abu Ammar:
Madalla Bashir. Wannan ta ƙarshen ba tamu ba ce, ka san mai ita.

Malam Habu Misfala:
Ɗakin ƙurya ko? Wa ya ja igiyar, kuma ta ina ta bi? Kada ka taɓa komai. Gidana ba nisa, in na fito daga Harami bayan Isha zan biyo da na'urar gwaji da wuƙata. Ka ce wa yaran su ɗora shayi, kuma ban da sukari, likita ya hana.